Tabon da Na Kankare a Bindigar Raddad

Da hantsi ne, ranar Talata, ina layin mai burodin tamis a Utaibiyya, wayata ta yi ƙara. Hawwa ce, 'yar Baba Mamman ta fari. A nan aka haife ta, Larabci ya fi zama a bakinta, amma ran nan da Hausa ta yi mini magana.

"Ammi Sule, Baba ya cika. Yanzu, a mustashfa, asibiti. Za a yi masa salla a Harami bayan la'asar."

Na yi salati, na bar layin. Da la'asar muka sallace shi, muka kai shi maƙabartar Shara'i, muka dawo.

Shekara ashirin da shida muna benci ɗaya da shi. Shi ya koya mini sana'ar da nake ci da ita, ta nema da gyaran tsofaffin bindigogin soja. Kuma ya shiga kabari da wani laifi a kansa wanda ni na aikata. Shi ya sa na zauna rubuta wannan, saboda ku samarin da kuke tare ni bayan Juma'a da hotuna a waya, kuna cewa, "Malam Sule, a sa mu a hanya mana, ai goge-goge ne kawai, da mai da tsumma." Ku karanta tukuna.

Da fari ku sani, daga ni har Baba babu wanda ya taɓa mallakar bindiga. Mu baƙi ne masu igama, wato takardar izinin zama. Kafilinmu, wato ubangidan da ya tsaya mana, Ammu Sa'ad, shi ke da izinin hukuma, shi ke da ɗakin kayan tarihi a gidan hutunsa, can bayan Tan'im a hanyar Jumum, wajen iyakar Harami, don ba a shigowa garin nan da makami. Kowace bindiga a ɗakin da takardarta. Mu namu nema, dubawa da gyara.

Irin da muke nema ita ce mai sakata. Larabawa tirbas suke ce wa sakatar: wani ƙarfe mai ƙulli a gefen dama, ka ɗaga shi, ka ja baya, ka tura, ka kwantar, kowane harbi da nasa ja. Akwai mai cin harsashi biyar, suna kiranta Ummu Hams. Akwai mai cin goma, Ummu Ashar, irin wadda 'yan sandan gida ke ratayawa muna yara, muna ce mata mak-fo. Sojojin wasu ƙasashe ne suka gama yaƙinsu da su, aka zubar da su kasuwa, suka bi fatake da raƙuma suka watsu cikin duwatsu da sahara. Yawancinsu sun girmi duk wanda ke riƙe da su yau.

Ni kafinta na zo daga Kano, ƙofofi da kabad nake haɗa wa Ammu Sa'ad a wani gini nasa. Da ya ga haɗina ba ya buɗewa, sai ya kai ni wurin Baba in yi masa maratayan bindigogi. Baba Mamman mutumin Damagaram ne, ɗan maƙera, gajere, mai kaurin yatsu. Ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Bakano? Ammu, ka kawo mini ɗan kasuwa. Kafin azahar ya sayar da bencin nan da ni a kai."

Na ce, "Baba, wa zai saye ka? Sai dai in yi gyara da kai."

Ya yi dariya har da tari. Daga ranar bai ƙara kirana Sule ba, sai Bawana, irin wasan da ke tsakaninmu da su.

Aikin farko da ya ba ni wata Ummu Ashar ce da aka tono a ɗakin ajiyar dabino, tsatsa ta cinye ta har sakatar ba ta motsi. Ya ajiye mini kwanon kananzir, tsumma, guntun tagulla da ya daka ya yi faɗi, da tsohon asuwaki. Tagulla ta fi ƙarfen bindiga laushi, tana ɗauke tsatsa ta bar baƙin asali. Asuwaki kuma shi ke shiga lungun da yatsa ba ya kaiwa. Kwana goma sha biyu ina jiƙawa ina gogewa kafin sakatar ta yarda ta ɗaga. Na ɗauko guduma a kwana na uku, ya karɓe ta, ya sa ta ƙarƙashin cinyarsa ya zauna a kai har muka tashi.

Sukundireba kuwa yana da su sun fi talatin, kowace ya wasa bakinta da magagari daidai da tsagin wani sukuru. Idan baki bai cika tsagi ba, zai zame ya yi wa sukurun rauni, kuma duk mai ido zai gane an taɓa. Ya koya mini duba lamba: wadda ke jikin sakata dole ta zo ɗaya da wadda ke jikin bindiga, don 'yan haraj, wato kasuwar gwanjo, sukan haɗa kan wannan da jikin waccan. Ya koya mini sa farar takarda a gindin bututu in leƙa ta baki in ga hasken ciki. Shi kansa kafin ya duba komai sai ya kai katakon hancinsa. Bindigar da ta zauna a gidan mutane tana ƙamshin man shanu da hayaƙin gahawa da raƙumi. Wadda aka yi wa kwalliya don kasuwa fenti take wari.

Amma gyara ba shi ne babbar baiwar Baba ba. Nema ne. Ƙauyukan duwatsun hanyar Ɗa'if babu wanda bai sani ba. Idan ya ji labarin wani tsoho na da bindigar kaka, ba ya zuwa ya tambaya. Zuwan farko gaisuwa ce, ya sha gahawa, ya ga butar gahawar na yoyo ya like musu ita. Zuwa na biyu ya wasa wuƙaƙe, ya gyara sarƙar ƙofar garke. A na uku tsohon da kansa zai tashi ya shiga ciki ya fito da abu a naɗe cikin bargo. Wasu sun sayar. Da yawa ba su sayar ba, aro suka ba Ammu Sa'ad, a rataye da sunan ubansu a ƙasa, don yaransu sun koma Jidda ba su damu ba. Abin da suke cewa ɗaya ne: hannun Muhammad amintacce ne. Haka suke kiransa.

A shekarata ta biyu wani dattijo mai suna Raddad ya zo da kansa a tsohuwar a-kori-kura, da Ummu Hams ta mahaifinsa da takardarta. Katakon ya tsage a wuya, daidai inda ake riƙewa. Ɗansa Mishal zai yi aure, yana so a rataye ta a ɗakin baƙi ranar walima. Baba ya buɗe tsagin a hankali, ya wanke tsohon maiƙon da ke ciki, ya zuba gam, ya sa turaku biyu na katako ta ciki inda ido ba ya gani, ya ɗaure da igiyar roba. Washegari za su Madina gwanjo da Ammu Sa'ad, kwana uku. Yana fita ya ce, "Bawana, in gam ya kama, ka kwance ka share wurin."

Gam ɗin da ya tsattsafo yake nufi. Ni kuwa kafinta ne. A wurinmu aiki bai ƙare ba sai tafin hannu ya bi katako bai ji komai ba. Na kwance igiyar, na share gam, sai wurin ya yi fari a tsakiyar baƙi. Na dubi sauran gindin bindigar: baƙi ƙirin da dauɗa, gefe ɗaya ya lotsa kamar cokali, a ɗaya gefen kuma ga tabon ƙuna, layi biyu da zobe a ƙarƙashinsu, kamar ta taɓa faɗawa murhu. Na ce wannan ba za ta shiga ɗakin biki haka ba. Na ɗauko samfefa mai kaushi, na bi da mai laushi. Yini guda na yi. Katakon ya fito ja kamar zuma, tabon ya tafi, lotsawar ta baje. Na shafa warnish sau biyu. Na shimfiɗa farin ƙyalle a benci na ɗora ta, ina jiran yabo.

Baba ya dawo ranar Alhamis da rana. Ya tsaya a kanta bai taɓa ba. Can ya jawo kujera ya zauna.

"Ina wasm ɗin?"

Ban san kalmar ba. Ya ce lalas ne, shaidar da kowane gida ke yi wa raƙumansa da wuta. Mahaifin Raddad da hannunsa ya ƙona ta a jikin katakon. Lotsawar nan kuma kuncinsa ne ya ci wurin, shekara da shekaru yana jingina shi.

Na ce, "Baba, na tuna yadda take. Layi biyu da zobe. A ba ni ƙusa da wuta, yanzu in mayar."

"Ka mayar da me? Wancan hannun ubansa ne. Naka ƙarya ce mai zafi."

Ranar Asabar Raddad ya zo, Ammu Sa'ad na tsaye. Tsohon ya ɗauki bindigar, ya juya ta, ya bi gefen dama da babban yatsa, ya sake bi. Ya kai ta kuncinsa, ya sauke. Baba ya nuna masa lambar sakata da ta jiki, ga su daidai da takardarsa.

Ya ce, "Ni ban iya karatun Nasara ba. Lambar da na sani ba ta nan. Wannan ba bindigar ubana ba ce." Ya juya ga Ammu Sa'ad. "Wa ya yi wannan?"

Ammu Sa'ad ya dubo ni. Ni sabo ne, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa a buga mini fita ba dawowa, ga mata da yara a Kano. Kafin in buɗe baki Baba ya ce, "Ni ne, ya Shaikh. Kuskure na yi."

"Kai, ya Muhammad? Kai da ka ci abinci a gidana?"

Bai ɗaga murya ba. Ya ajiye bindigar a kan farin ƙyallen, ya ninke bargonsa, ya sa a hammata ya fita.

Shekarar da ta biyo ita ce mafi muni da muka gani a sana'ar. Labari ya bi ƙauyukan nan kaf kafin wata ya mutu. Baba ya je inda ya saba, a ba shi gahawa, a tambayi lafiyar iyali, a raka shi mota. Babu wanda ya ƙara shiga ciki ya fito da bargo. Masu aro suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya suna karɓar nasu, kowa sai ya juya gindin ya duba tukuna a gabanmu. Maratayai goma sha ɗaya da na haɗa da hannuna suka zama wayam. Ammu Sa'ad bai sallami Baba ba, amma ya ce ya zauna a benci, duwatsu sun ƙare masa. Ana bukatar sabuwar fuska. Aka tura ni.

Baba ne ya shirya ni. Ya faɗa mini wanda ake fara gaisarwa a kowane ƙauye, da tsohon da ba ya son tambaya, da wanda sai ka yaba awakinsa. Ya ce in karɓi finjali da dama, kada in wuce uku, in girgiza shi idan na ƙoshi. Ya ba ni akwatin likinsa ya koya mini like buta. Sannu a hankali ƙofofi suka fara buɗewa. Kusan kowane zaure na shiga sai wani ya ce, "Kai dai ba irin ɗan'uwanka ba ne, mai kankara." Ni kuma in sha gahawata in yi shiru. Da wannan shirun na yi shekara ashirin da huɗu ina nema, na kawo bindigogin da suka cika ɗaki biyu, har aka san sunana a gwanjon Riyad.

Ba wai ban taɓa yunƙurawa ba. Lokacin Hajji ana rufe wurin aikinmu, mu nemi aikin kwanaki a kicin ɗin alhazai. Wata shekara a Arfa, rana tsaka, muna tsaye kan tukunyar shinkafa da sai mutum biyu ke juya ta, na ce masa bayan salla zan je wurin Raddad in faɗi gaskiya.

Ya ce, "Yanzu Bahaushe ɗaya ne ba su yarda da shi ba. In ka je sun samu biyu, mai kankara da maƙaryaci. Sai wa ya shiga gidajen? Ammu ya rufe ɗaki, ni da kai mu koma wankin tukunya shekara zagaye?"

"Baba, sunanka ne."

"Sunana ne, ba naka ba. Bakano ko sunan mutum sai ya nemi ya yi ciniki da shi. In na mutu ka yi yadda ka ga dama. Juya, Bawana, tana kamawa ta gefenka."

Sau biyu na ƙara tayar da maganar a shekarun baya, amsar ba ta canja ba. Shi kuwa bai sake hawa duwatsun nan ba. Idan na dawo da sabuwar bindiga, kafin ya dube ta sai ya tambaye ni wane yana nan da rai, rijiyar gidan wane ta ƙafe ko tana nan, an kwalta hanyar kwarin ko har yanzu tsakuwa ce.

Bayan kwana ukun zaman makoki na je na sami Ammu Sa'ad. Ya tsufa ƙwarai, a kujera mai taya yake. Na faɗa masa komai. Ya ce, "Tun ranar na sani, ya Sulaiman. Muhammad bai taɓa riƙe samfefa ba a rayuwarsa. Shi ya roƙe ni in bar ta haka." Ya ce in je, in mutanen sun yarda za su karɓi bindigar, shi zai yi takardar mayarwa.

Raddad ya daɗe da rasuwa. Mishal, wanda aka yi wa auren, shi ne babba yanzu, gemunsa ya yi fari. Na isa bayan azahar, na tarar da dattawa biyar a zaure. Aka zuba mini gahawa. Mutanen nan suna da al'ada: baƙon da ya zo da bukata ba ya sha, sai ya ajiye finjalin a ƙasa a gabansa, mai gida kuma ba ya barin gahawarsa ta huce. Na ajiye nawa. Duk suka dubi finjalin.

Mishal ya ce, "Faɗi, ya Sulaiman. Abin da ka zo nema ka samu."

Na ce Muhammad ya rasu. Suka yi masa addu'a. Na ce bindigar mahaifin Raddad, ba shi ya kankare ta ba, ni ne. Yana Madina ranar. Na faɗa musu samfefa iri biyu, da warnish, da farin ƙyalle, da yadda na tsaya bakina a rufe. Na ce bukatata ɗaya, a sani a ƙauyukan nan cewa hannun Muhammad bai taɓa ɓata kayan kowa ba.

Wani tsoho mai sanda, wanda ya girmi kowa a wurin, ya daɗe yana kallona. Sannan ya gyaɗa kai.

"Ma sha Allah. Kun gani? Abokinsa ya mutu, ya hawo dutse ya ɗauke masa kaya. Irin wannan sun ƙare a zamanin nan."

Na ce, "Ya ammi, ba kara nake yi masa ba. Wallahi ni ne."

"Kada ka rantse, ɗana, kada ka ɗauki zunubi saboda mamaci. Raddad da bakinsa ya faɗa mini, a nan inda kake zaune. Ya tambaya, mutumin ya ce ni ne. Wa ke amsa laifin da bai yi ba a gaban kafilinsa? Kai kuma shekara nawa kana shiga gidajenmu, ko ƙwarzane ba mu taɓa gani a kayanmu ba."

Na ce su tambayi Ammu Sa'ad. Suka ce ai dole ya bi bayana, shi ma mutumin kirki ne. Mishal ya ɗauki finjalin da kansa ya miƙo mini.

"Sha, ya Sulaiman. Mun yafe masa, duniya da lahira. Ku shaida."

Suka ce sun shaida. Babu yadda za ka ƙi finjali daga hannun mai gida. Na sha, ta riga ta huce. Aka yanka ɗan akuya saboda ni, aka zaunar da ni kusa da tsohon mai sanda, yana ta tura mini nama.

Da zan tafi na nuna wa Mishal hoton bindigar a waya, na ce tana nan, ko ƙura ba a bari ta hau ba. Ya duba ya mayar mini. Ya ce ba zai rataye abin da ubansa ya ƙi ba, amma zai yi shawara da yayarsa da ke Ɗa'if, ita ta fi shi sanin kakan.

To, ku masu son a sa ku a hanya, wurin aiki na nan, bencin Baba babu kowa a kai. Wanda ya zo, zan ba shi kananzir da tagulla da asuwaki, zan kuma laluba aljihunsa, in na ga samfefa ya koma. Dauɗar da za ku gani a jikin katako ba taku ba ce, ba ku san wanda ya bar ta ba. Abin da ba ku gane ba, ku bar shi yadda kuka same shi har mai shi ya zo.

Na ƙara komawa ƙauyen sau biyu tun daga lokacin. Yanzu da sun hango motata sai su ce ga mai amana ya zo, labarin kuma ya kai ƙauyukan da ke bayansu, yadda suka fahimce shi. Mishal bai kira ba tukuna. Bindigar na kabad na uku da warnish ɗina a jikinta. Har yau ban samu mutum ɗaya a duwatsun nan da ya yarda cewa ba Baba Mamman ba ne.